Abin da na tattaro kan sauya wa alobera tukunya

Jama'a muhawarar da aka yi kan yaushe da kuma yadda ake sauya wa alobera tukunya ta yi tsawo, ga dai abin da na tsinta:

1. Kowa ya yarda idan saiwa ta fara leƙowa ta hujin ƙasa, ko 'ya'yan da ke tsirowa a gefenta sun cika tukunyar har tana neman kifewa, to lokaci ya yi. Yawanci shekara 2 zuwa 3.

2. A samu tukunyar ƙasa mai huji, wadda ta ɗan ɗara tsohuwar kaɗan kawai, don babba tana riƙe ruwa sai saiwa ta ruɓe, ni ma haka na kashe tawa a bokitin fenti.

3. A haɗa ƙasa da yashi mai tsakuwa, wasu har da gutsuren gawayi. A kakkaɓe tsohuwar ƙasa, a yanke saiwar da ta yi baƙi, a bar aloberar a inuwa kwana 2, kuma kar a ba ta ruwa sai bayan sati.

Inda aka rabu shi ne lokaci. Wasu sun ce farkon damina, wasu sun ce ruwan Agusta a Kano zai ruɓar da ita, gara a jira Oktoba. Zafin Afrilu kam babu wanda ya goyi baya.

Takin shanu ma an yi ta musu, masu sa shi sun ce busasshe, ɗan kaɗan.