Masu wasa a fili a Zariya, yaya sanyi da zafin shekarun nan suka zo muku?

Kocin yara, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara goma sha bakwai ke nan ina horar da yara 'yan ƙasa da sha biyar a filin wata firamare. A da, da an gama girbi lokacinmu ya zo, daga ƙarshen Nuwamba har Fabrairu. Fili ya bushe, gari da sanyi, yaro ya yi awa biyu yana bin ƙwallo bai nemi ruwa ba. Faso da tsagewar leɓe kaɗai ke damunmu. Duk gasar unguwanni a nan muke jera ta. Yanzu hunturun sai ya makara, ya yi 'yan makonni ya ɗauke, kafin Fabrairu ta raba zafi ya sauka. A 2024, ana saura kwanaki a ɗauki azumi, wani yarona ya yanke jiki ya faɗi a gabana bayan la'asar. Muka ja shi gindin darbejiya muna fasa fiya wata muna zuba masa. Ya farfaɗo, amma ranar ban runtsa ba, don amana iyayensa suka ba ni. Tun daga nan na mai da atisaye biyar da kwata, kafin jiki ya saki an kira magariba. Ni kaɗai ke ganin haka, ko ku ma?

Mai doki, Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam, Koci. Ba kai kaɗai ba ne. Sallar azumi ta 2024 da ta 2025 duk a bazara suka faɗo. Ka ɗauki doki da jalala da sauran kayan ado, mahayi da rawani da alkyabba, a tsaya a rana ana jiran a jera. Bayan Hawan Daushe dokina kwana biyu ya yi yana kallon harawa bai taɓa ba, sai ruwa da kanwa. Kilisar yamma da muke fita tun muna yara ma na mai da ita bayan asuba.

Malamar motsa jiki, Samaru:
Malam Koci, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Mu gasar tseren makarantarmu a zango na biyu ake yi, kuma a da ba ma tunanin komai a kai. Yanzu 'yan mata na gama mita ɗari huɗu sai jiri da amai. Na roƙa aka dawo da ita farkon Janairu, sai muka ci karo da hazo mai kauri, masu asma uku suka zauna a benci suna kallo. Abin da ya fi ci mini rai, uwa in ta ga 'yarta ta dawo gida a galabaice sau ɗaya, ba ta sake barinta. Da ma da lallashi muke samo 'yan matan nan.

Tsohon malamin jami'a, Hanwa:
Hajiya Malama, wannan kukan har Turawa na yin sa. Na yi karatu a Holan, kuma maigidan da na zauna wurinsa yana da takalman zamiya a kan ƙanƙara a rataye bayan ƙofa. Suna da wani tsere na kusan kilomita 200 a kan koguna da magudanan da suka daskare, ana ratsa garuruwa goma sha ɗaya. Sai ƙanƙarar ta kai kaurin santimita 15 ake yarda a yi shi. Rabonsu da shi tun Janairun 1997. Duk shekara tsohon nan ya kan sauko da takalman ya goge, sanyi ya wuce ya mayar. A lokacin tausayinsa kawai nake ji, ban san zan dawo gida in tarar da irin abin a Zariya ba. Ku duba ma gasar Olamfik ta hunturu a Bejin a 2022, kusan duk dusar ƙanƙarar da aka yi wasa a kai inji ne ya fesa ta. Tushen abin ɗaya ne: hayaƙin kwal da fetur da gas ya taru a sama yana riƙe zafi. Tun da aka fara awo ba a ga shekara mai zafin 2024 kafin ta ba. Su suna da kuɗin inji, yaranmu inuwar bishiya ce gatansu.

Dattijo, Gyallesu:
Malam, ban musa maka ba, amma mu ma da hannunmu a ciki. Muna yara a Kubanni muka koyi iyo, mu fito mu yi langa a kan yashi, bishiyoyi gaba da baya. Ina suke yanzu? An sare, an yi itace da gawayi, filayen da muke kokawa da dambe bayan kaka an yanka su fuloti. Filin da babu ko mangwaro ɗaya a gefensa, ko sanyi ya dawo yadda yake a da, ba zai zaunu da rana ba.

Ɗan tsere, Wusasa:
Gaskiyar Baba ce. Ni kuma damina ce ta rikita ni. Muna hawa Kufena duk Asabar, amma ruwan yanzu in ya tashi da ƙarfi yake zuwa lokaci guda. Bara ya tare mu a sama, dutse ya yi santsi, abokina ya gurɗe ƙafa muka sauko da shi a goye.

Kocin yara, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, maganarka ta shige ni. Na yi magana da hedimasta yau, ya yarda mu dasa darbejiya ashirin a gefen yamma na filin da zarar ruwa ya zauna, kowane yaro biyu su riƙi ɗaya su riƙa ba ta ruwa. Awaki ne matsalar. Wanda ke da tsohuwar wayar shinge ko kwandon kariya, ya yi mini magana kafin watan Yuni.