Kwana takwas da riyal 1,200: jirgin ƙasa ko bas?

Ɗalibin Madina: Assalamu alaikum. Hutun tsakiyar shekara ya zo, ina da kwana takwas da riyal 1,200 da na tattala daga alawus. Jakar goyo ɗaya ce kayana. Nufina in tashi daga Madina zuwa Ha'il in ga zanen duwatsun Jubba, in gangara Riyad, in ƙarasa Ahsa. Tsakanin Ha'il da Hufuf, babban garin Ahsa, ne nake waswasi, jirgin ƙasa ko bas? Don Allah ba hanyar Makka nake tambaya ba, ita na san ta.

Maman Biyu: Wa alaikumussalam ƙanena. Hau jirgin Haramain kawai, awa biyu da 'yan mintuna kana Makka. Ni 150 na biya, kafin shayina ya huce muna Rabig.

Ɗan Jarwal: 150 a wace shekara, Hajiya? A azumin bara na biya fiye da 220, kujerar talakawa kuwa.

Maman Biyu: To kai da ka saya ana gobe tafiya.

Ɗalibin Madina: Na gode Yaya, amma Ha'il na ce.

Tsohon Direba: Yaro, Madina zuwa Ha'il babu layin dogo, dole mota. Kuma a nan nake so ka buɗe kunnenka. Shekara uku ke nan, na ƙi bas don in rage riyal 40, na shiga motar wani kaddad, wato ɗan kabu-kabu. Mu biyar ya ɗauka, ya karɓi kuɗi tun ba mu bar gari ba. Da muka yi nisa ya tsaya a wani gidan mai, ya ce a yi Magariba da Isha a haɗe. Muka sallame, muka fito, babu mota babu alamarta. Jakata na ciki, da iƙamata (katin izinin zama), da wayar aiki, da maganin sukari na wata guda. Sanyin Najadu a watan Janairu, ni da jallabiya ɗaya. Wani Basudane mai tirela ne ya tausaya mana bayan ƙarfe biyu na dare. Sake iƙama kaɗai ya ci mini riyal 1,000, ban da baƙar maganar da na sha wajen kafili, wato uban gidan da iƙamata ke hannunsa. Ni da na shekara ashirin ina tuƙi, aka yi mini sakiyar da ba ruwa.

Ɗan Jarwal: Inna lillahi. Baba, ba ka riƙe lambar motar ba?

Tsohon Direba: Wa ke duba lamba alhali mutum yana ta jan carbi a kan sitiyari?

Maman Biyu: Allah ya isar maka, Baba. Iƙama dai a aljihu take kwana, ko banɗaki za a shiga.

Na Batha: Bari in amsa wa Malam abin da ya tambaya. Na bi layin arewa sau biyu. Daga Ha'il jirgin yana tsayawa Ƙasim da Majma'a, kusan awa biyar kana Riyad. Na samu tikiti 120 da na saya mako biyu kafin tafiya. Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne tashoshin Riyad biyu ne. Ta arewa tana can wajen hanyar Sumama kusa da filin jirgin sama, ta layin Dammam kuma, wanda ke bi ta Hufuf, tsohuwar ce, a Sina'iyya. Kada ka sayi tikiti biyu a manne, za ka makara. Yanzu da metro ya fara aiki tun ƙarshen 2024, riyal 4 na yawo da kai awa biyu, sai ka rage na tasi. Zuwa Hufuf bai kai awa uku ba. In akwai jirgin dare a ranar, hau shi, ka tsira da kuɗin ɗaki.

Ɗan Jarwal: 120? Abokina ya ce 190 ya biya. Bas dai ta fi araha ko ta ina.

Na Batha: Abokinka ya ce. Ni na hau. Kai ka taɓa wuce Ɗa'if?

Ɗan Jarwal: Nan aka haife ni, nan aka haifi ubana. Wanda ya zo jiya da bizar aiki ba zai koya mini Saudiyya ba.

Na Batha: An haife ka a Makka, ba a cikin tarago ba.

Mai Shayin Karantina: Ku bar yaro ya tafi da ƙafa mana. Kakanninmu daga Sakkwato suka tako har Sawakin, ba tikiti ba manhaja. Kwana takwas dai zai kai Hanakiyya in sha Allahu.

Maman Biyu: Kai dai ba ka rabo da shiririta. Ƙanena, in ka je Ahsa ka shiga kogon Dutsen Ƙara, ka taho mini da dabinon khalas kilo biyu.

Tsohon Direba: Ga shi nan an fara. Mutum ya ce jaka ɗaya, an ɗora masa saƙo.

Na Batha: Kuɗin kwana ne zai cinye shi, ba jirgi ba. Wasu masu shaƙƙa, wato ɗakunan haya na baƙi, da sun ga gwauro da jakar goyo sai su ce ta iyalai ce. Tamis da ful, wato gurasa da wake, da safe, rabin kaza da shinkafa da dare, 35 ta ishe shi a yini.

Baban Yara Huɗu: Ku gwauraye kuna shan sha'aninku. Ni 400 nake biya wa gwamnati kuɗin zaman iyali kowane wata a kan kowane kai, mata da yara huɗu, 2,000 ke nan kafin haya. Tun da aka buɗe jirgin Haramain a 2018 yarana ke roƙon su hau, tikiti shida ina zan samo?

Maman Biyu: Wallahi shi ya sa muka mai da babbar wajen kakarta a Kano. Kullum sai ta yi kuka a waya.

Ɗan Jarwal: Mu da aka haifa a nan ma ba mu tsira ba. Ƙanwata da ba ta taɓa ganin Nijeriya ba ana biya mata.

Ɗalibin Madina: Allah ya kawo sauƙi. To daga Ha'il zuwa Jubba fa, akwai mota?

Baban Yara Huɗu: Ɗan Jarwal, taku iƙamar a hannun wa take yanzu? Kafilina ya ce ba zai sabunta ba sai na biya na shekara gaba ɗaya.