Birkin baya na tsohuwar Corolla: a ɗaure waya ko a canza shu?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum. Corolla ce ta 1998, birkin bayanta na diram, wato kwanon ƙarfen nan da shu ke dannawa daga ciki in an taka birki. Birkin hannu sai an ja shi har ƙarshe kafin ya riƙe, feda kuma tana nitsewa fiye da da. In an kwana ana ruwa, takawar farko da safe tayar baya ta dama sai ta cije ta ja ƙasa. Wani fita ya ce a ɗaure wayar birkin hannu kawai. In yarda?

Masta, Suame Magazine:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada a taɓa wayar nan tukuna. In lainin, wato fatar da ke manne a jikin shu, ya cinye aka ɗaure waya, shu zai zauna a ɗage yana gugar diram, ya yi zafi, ciwon kuma yana nan.

A buɗe a gani. Ka tare tayoyin gaba da katako, ka ɗaga, ka sa wa motar matokari, kada ka dogara da jak kaɗai. Sauke birkin hannu gaba ɗaya. In diram ya ƙi fita, bar guduma. Akwai ramuka biyu masu zare a fuskarsa: ɗaura bol M8 guda biyu, kaɗan nan kaɗan can, zai turo kansa. In ya taho ya maƙale, bakin diram ne ya yi tudu yana riƙe shu, sai a sassauta ajasta, wato sandar nan mai zare da ke matso da shu, ta ramin da ke bayan farantin da shu ke zaune a kai.

Sabon lainin wajen milimita 4 ne, iyakarsa 1, amma a wajena da ya kai 2 a canza. Faɗin cikin diram milimita 200 ne, in ya wuce 201 ya gama aiki, adadin yana rubuce a jikinsa. Abin da na fi zargi shi ne silinda, wadda ke tura shu da ƙarfin man birki. Ɗaga robar da ke bakinta ta kowane gefe. In ka ga jiƙa, man birki na sauka kan lainin, kuma lainin da ya sha mai shi ne ke cijewa haka.

Hajiya mai kayan mota:
Masta ya gama magana. Nawa kan saye ne. Shu huɗu ne a kwali, na ƙafa biyu, kuma duka ake canzawa ko da gefe ɗaya ne ya lalace, in ba haka ba ƙafa ɗaya za ta riga ɗaya kamawa. Ɗana, ka zo da tsohon a hannu a gwada, don sunan mota kaɗai ba ya isa. Hom-yus, wato kayan hannu, ba laifi a diram in an auna, amma ban da shu da silinda: roba ta tsufa a ajiye, gam ɗin lainin ma haka. Sifirin da ya yi tsatsa ko ya miƙe a haɗa da shi, kuɗinsa bai kai wahalar sake buɗewa ba.

Fita Asawase:
Gefe ɗaya za a kwance, a bar ɗayan ya zama abin dubawa, a kuma ɗauki hoto da waya kafin a cire komai. Ajastar dama da ta hagu zarensu ba ɗaya ba ne; in aka musanya su, maimakon ta riƙa matso da shu sai ta riƙa janye shi. A wanke ta, a shafa giris mai jure zafi kaɗan a zarenta da wurare shida da shu ke zama a kan faranti. Ko ɗigo kada ya taɓa lainin. Ƙurar ciki kuma ba a hure ta da baki ko da iskar kwamfireso, tsoffin lainin na iya ɗauke da asbestos, wani sinadari mai illa ga huhu. A jiƙa tsumma a goge.

Bayan haɗawa, a buɗe ajasta har diram ya shiga yana ɗan shafa, a taka feda sau da yawa shu ya zauna, sannan a ƙirga ƙarar birkin hannu. Tsakanin 4 da 7 daidai ne. Sai in ya wuce haka ake zuwa ga waya.

Ɗan Aboabo:
Masta, an buɗe. Na dama jiƙe yake sharkaf, amma lainin da sauran kauri. Ba za a wanke da fetur a mayar ba?

Masta, Suame Magazine:
A'a. Man ya riga ya ratsa ciki, fetur sama kawai zai wanke, da ya ɗau zafi zai sake tsattsafowa. Masu ƙona shi da wuta ma gam suke kashewa, wata rana lainin ya ɓalle a cikin diram. Sabon shu, sabuwar silinda, ka duba ta hagun ma tunda sa'o'in juna ne. Notin bututun man birki sifana 10 ne, ka jiƙa shi da mai tun da wuri kada ya murɗe bututun. Sai a cire iska da man birki DOT 3 daga sabuwar kwalba, a fara da ƙafar baya ta dama, wani na taka feda, ana lura kada tankin ya ƙafe. Kwanakin farko ka riƙa taka birki a hankali har lainin ya kwanta da diram.