Maƙwabcin mai akuya ya sayi kura: izini ne ko habaici?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare a fadarmu, shayi na biyu bai sauka ba gardama ta kaure. Wani abokinmu mai kai kaya Agadas ya ce shi kam bindiga zai nema, hanya ta ɓaci, kuma kuɗinsa ne, ransa ne. Da aka yi masa ca sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi." Mai dafa mana shayi ko ɗago kai bai yi ba, yana fifita gawayi ya ƙarasa masa: "maƙwabcin mai akuya ya sayi kura." Aka kwashe da dariya, shi kuwa ya dage wai karin maganar shi ta goya wa baya. To masana, izini take bayarwa ko habaici take yi?

Mushe Mai Ritaya: Habaici ne, ɗana, mai kaifi ma. Rabin farko maganar mai kura ce, rabi na biyu na mai kallo ne. Da Bahaushe ya so ya ce kowa ya yi son ransa, da tunkiya zai ce an saya. Nauyin maganar duk yana kan kalmar maƙwabci. Kura a daji ba ta dami kowa ba, amma wadda darni kawai ya raba ta da akuyarka, kai ma kana da ta cewa a cinikinta.

Mai Kabu-kabu: Mushe, a gafarce ni, amma mu ba haka muke faɗinta ba. In aka ga mai digiri yana sayar da fetur a kwalba sai a ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ba zagi ba ne. Sannan wa ya taɓa tambayar abin da ya kai mutumin ga sayen kura? Akuya fa ba waliyyiya ba ce. Watakila shekara uku tana cinye masa zogale, ya kai ƙara wurin mai unguwa har ya gaji. Haka ƴan sa-kai suka samo asali a Zamfara, har gwamnansu Matawalle ya fito a 2022 ya ce mutane su nemi bindiga su kare kansu.

Jikar Maharbi: Yaya Mai Kabu-kabu, bindigogin sun hana satar mutane a can? Ni a gidan bindiga na tashi. Ta kakanmu ta toka ce, a rataye can saman ƙofar ɗakinsa, layu biyu a jikinta, bakinta a toshe da tsumma saboda zanzaro. Albarushin kuwa yana cikin ƙaho a wani ɗaki daban, kuma ranar da ransa ke ɓace ba ya ko kallon inda take. Bai taɓa cewa "tawa ce, ina ruwan wani" ba. Sarkin baka ya san da ita, unguwa ta san da ita. Ku tuna gardawa masu wasa da kura a kasuwa: ba wanda ya hana su kiwonsu, amma da takunkumi da sarƙa suke yawo da ita.

Mushe Mai Ritaya: Allah ya yi miki albarka, ƴata. Damagaram ba baƙuwar bindiga ba ce. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu 1884, har igwa aka ƙera a garin nan, ga albarushi ana haɗawa. Sai dai ƴan bindigar na sarki ne, irin waɗanda kuke gani suna barin wuta a ƙofar fada ranar hawan salla. Yau ma doka ta ce sai da takardar izinin hukuma. Kuma ƙasar nan ta Nijar da kanta ta tara makaman tawaye ta cinna musu wuta a Agadas a 2000, kafin na Libiya su kwararo bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Amurka su suka ɗauki rabin farko na karin maganar suka sa a tsarin mulki tun 1791, wato ƴancin riƙe bindiga, yanzu bindigogin da ke hannun farar hula sun fi mutanen ƙasar yawa. A Uvalde ta jihar Texas, a 2022, yaro ɗan shekara 18 ya sayi tasa bisa ƙa'ida, ya shiga lakwal ya kashe yara 19 da malamai 2. Bai saci bindigar ba, abin da ke tsaya mini a rai kenan.

Ɗalibi Daga Jami'a: Baba Mushe, kan bindiga na bi ka. Tsorona kalmar takunkumi ce, don ita ake sa wa baki ma. A nan Nijar, a 2010 aka daina ɗaure ƴan jarida kan laifin aikin jarida. A 2019 dokar laifukan intanet ta zo da gidan kaso kan ɓata suna, a 2022 aka cire ɗaurin, a 2024 aka maido shi. Duk wanda ya hau mulki sai ya ce bakin talaka kura ne. To idan mai babbar kura shi ne kuma mai raba takunkumi, mai akuya ina zai kai kuka? Bindiga ba ta da aiki sai kisa, baki kuwa da shi ake cewa wayyo.

Hajiya Ta Zango: Ɗana, karatunka ya yi, amma baki shi ke yanka wuya. Ina garin nan ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015. Masu zane a Faris suka ce ƴancinsu ne su taɓa Manzon Allah (SAW), aka sauko daga masallaci gari ya kama da wuta. Aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka. Maƙwabciyata Kirista, wadda muke aron turmi da ita, a ɗakina ta kwana da ƴaƴanta, ƙaramin yana ta tambaya ko takalminsa na lakwal ya ƙone. Ita ba ta zana komai ba. Zanen ya yi mana ciwo har cikin ɓargo, amma ashanar ba daga Faris aka aiko ta ba, hannun ƴaƴanmu ne ya ƙyasta.

Ɗalibi Daga Jami'a: Hajiya, ai kin ƙarfafa tawa. A hukunta mai ashana da wanda ya ce "ku je ku ƙona". Ko kotun ƙolin Amurka, da duk sakin bakinsu, ta yanke a 1969 cewa maganar da ke ingiza mutane su tada fitina nan take ba ta da kariya. Wanda ya ce famfon unguwarsu ya yi wata bai kawo ruwa ba fa, akuyar wa ya ci?

Hajiya Ta Zango: Wannan bai ci ta kowa ba, ruwa kam mun sha wuyarsa. Wadda nake nufi irin muryar nan ce ta WhatsApp da wata ta tura kan yarinyar da aka sa wa rana, minti ɗaya da rabi, kafin la'asar dangin miji sun aiko a maido musu kayansu. Daga baya ta ce wasa take. Magana zarar bunu ce, kuma babu kwamisariyar da za ta mayar da auren nan.

Ɗan Birni: Na karanta wa abokin namu duka. Ya ce Jikar Maharbi ta gaya masa inda ake samun sarƙar, amma bai ce ya fasa ba.

Mai Kabu-kabu: Ni dai har yanzu ba wanda ya ba ni amsa kan zogalen da akuya ta cinye. Na samu fasinja zuwa Kasuwar Dole, in na dawo Mushe ya shirya mini.