Wasannin shan giya na ƙungiya a bukukuwan ɗaliban jami'a: abin da muka gani da idonmu

Yayan Ɗalibi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena zai tafi Amurka karatu a watan Agusta, kuma an ba shi wuri a ɗakin kwanan ɗalibai. Yaro ne mai kunya, wanda ba ya iya cewa a'a idan an taru a kansa, kuma na ji cewa a bukukuwan can ana raba ɗalibai gida biyu a yi gasar shan giya. Ina roƙon waɗanda suka zauna a can su faɗa mana abin da suka gani.

Tsohon Ɗalibi a Ohio:
Wa alaikumus salam Yaya. Shekara huɗu na yi a can, kuma wasa biyu na fi gani. Na farko suna kiransa beer pong: ana jera kofunan roba goma a kowane ƙarshen dogon teburi, a zuba giya a ciki, mutum biyu su tsaya a kowane ɓangare suna jefa ƙaramar ƙwallon tebur, duk kofin da ta faɗa ciki sai abokan hamayya su shanye shi. Na biyu shi ne flip cup, inda layi biyu ke fuskantar juna, kowa ya shanye kofinsa, ya ɗora shi a bakin teburi, ya yi ta bugunsa da yatsa har ya kife, sannan na kusa da shi ya fara.

Daren da na fara gani, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne na wani gidan haya, takalmina yana mannewa a daɓe saboda giyar da ta zube, ƙwallon kuma idan ta faɗi ƙasa sai a tsoma ta a wani kofin ruwa da ya riga ya yi dauɗa a ci gaba. Babu wanda ya ce mini dole in sha. Abin da aka ce shi ne layinsu ya rasa mutum ɗaya, kuma mutum shida suka juyo suna kallona suna kiran sunana. A nan wahalar take, domin idan aka miƙa maka kwalba ka ƙi, kai kaɗai abin ya shafa, amma a wasan ƙungiya ƙin da ka yi ya zama kamar ka ja wa abokanka faɗuwa. Na ce addinina ya hana ni, sai abokin ɗakina ya cika kofina da ruwa, aka yi wasan haka. Ka kuma sanar da ƙanenka cewa dokar Amurka ba ta yarda a sayar wa wanda bai kai shekara 21 giya ba, kuma ɗalibin da ke zaune da biza ya fi kowa asara idan 'yan sanda suka shigo.

'Yar Zariya a Ingila:
Malam ya yi sa'ar abokin ɗaki. A Birtaniya shekara 18 ce ƙa'ida, saboda haka ba a ɓoye ake yi ba, musamman a makon karɓar sababbin ɗalibai da kuma daren Laraba bayan wasannin motsa jiki. 'Yan zari-ruga suna da wanda suke kira boat race, kowa ya shanye babban kofi ya kifa shi a kansa kafin na gaba ya ɗauka. Ni na bar ƙungiyar wasan da na shiga bayan wata biyu, ba don an wulaƙanta ni ba, sai don duk zumuncin a wannan daren ake ƙulla shi, wadda ba ta zuwa kuma tana zama baƙuwa ko da tana zuwa atisaye kullum. Abin ya yi mini ciwo, domin ina son wasan ƙwarai.

Wanda Ya Taɓa Shiga:
Zan faɗi nawa, ina fatan ba za a yi mini ca ba, domin na tuba na bari. Ni na sha. Abin da ya yaudare ni shi ne giyar da ke kowane kofi kaɗan ce, ba ta kai rabi ba, sai mutum ya daina lissafi. Mun ci zagaye uku a jere, wanda ya ci kuma ba ya barin teburi, don haka nasarar ce ta ƙara mana sha. Ban san yadda na koma ɗaki ba. Da safe na tarar da wayata cike da hotunan da ban tuna an ɗauka ba, na kuma rasa sallar asuba da gwajin ƙarfe tara.

Ma'aikaciyar Jinya a Pennsylvania:
Allah ya karɓi tubarka ɗan'uwa, ka kyauta da ka faɗa. Hanta tana sarrafa kusan kofi ɗaya ne na ma'aunin giya a awa guda, wato gram 14 na barasa a lissafin Amurka, kuma hukumomin lafiya na nan suna ɗaukar kofi biyar ga namiji ko huɗu ga mace cikin awa biyu a matsayin shan ganganci. Wasan tsere yana iya wuce wannan cikin rabin awa, kuma barasar tana ci gaba da shiga jini bayan mutum ya kwanta.

A jihar nan, a watan Fabrairun 2017, Timothy Piazza, ɗalibin jami'ar Penn State mai shekara 19, ya sha kofi 18 cikin minti 82 a bikin shigar da shi wata ƙungiyar ɗalibai, ya faɗo daga matakala, kuma sai bayan kusan awa 12 aka kira motar asibiti. Ya rasu, kuma a 2018 jihar ta yi dokar da ke ɗauke da sunansa. Yaya, ƙanenka da ba ya sha shi ne zai kasance mai hankali a ɗakin, saboda haka ya san wannan: wanda aka tashe shi bai farka ba, ko numfashinsa ya yi jinkiri, ko jikinsa ya yi sanyi, ko yake amai yana barci, a kwantar da shi a gefensa, kada a bar shi shi kaɗai, a kira lambar gaggawa ta 911. Jami'o'i da jihohi da yawa suna da tsarin yafe wa wanda ya kira neman taimako, ya karanta na makarantarsa tun makon farko.

'Yar Zariya a Ingila:
Anti, ki ba ni dama in ƙara minshari a jerin. A Disambar 2016 wani ɗalibin jami'ar Newcastle mai shekara 20 ya rasu bayan irin wannan dare, kuma a zaman bincike an ji cewa yana ta minshari mai ƙarfi, abokansa suka ɗauka barci ne, alhali numfashinsa ne ke toshewa. A nan lambar ita ce 999.

Yayan Ɗalibi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na Ohio, shin dabarar zuba ruwa tana aiki kullum?

Tsohon Ɗalibi a Ohio:
Ba kullum ba Yaya. Kafin sha ɗaya na dare ana yarda cikin raha, amma idan aka bugu sai kofuna su cakuɗe, kuma sau ɗaya na kai kofi baki na ji warin giya na ajiye. Daga shekarata ta biyu na daina zuwa gaba ɗaya, na koma ƙwallon ƙafa ta yammacin Juma'a da ɗaliban ƙungiyar Musulmi ta makarantar, kuma abokin ɗakin nan nawa yakan biyo ni wani lokaci.