Daga Galaxian zuwa Galaga '88: yaushe ya dace a bari a kama maka jirgi?

Mai Kaset: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kowa ya kawo abin da ya gani a aikace kan jirgin tagwaye, wato jirage biyu a haɗe suna harbi tare, a wasannin bidiyo na harbin maƙiya a sararin samaniya, Galaga da 'yan uwansa. Bari in fara daga tushe. Galaxian da kamfanin Namco ya fitar a 1979 harsashi ɗaya tak yake ba ka, sai ya bugi wani abu ko ya fice daga allo kafin ka sake harbi. Ka kuskure, ka zauna hannu rabbana maƙiyi na saukowa. Galaga na 1981 ya ƙara harsashi ya zama biyu, ya kuma zo da kamun jirgi, wato maƙiyi ya kama maka jirgi ka ƙwato shi, kuma a ganina duk waɗanda suka biyo baya a kan wannan kamun suka yi gini.

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam, Malam. A Galaga maƙiya 40 ne a kowane mataki: ƙudan zuma 20, malam-buɗe-littafi 16, sai oga 4 a can sama. Oga harbi biyu yake ci, yana kore, na farko ya mai da shi shuɗi. Idan ya sauko shi kaɗai ya tsaya ya saki haske, kamu ya zo yi. Kada ka shiga hasken sai kana da jirgi a ajiye, domin in na ƙarshe ne wasa ya ƙare nan take. Bayan kamun jirginka zai koma ja ya zauna tare da shi a sahu. Wurare biyu ake ɓata aikin. Wasu su kashe ogan yana cikin sahu, sai jirgin ya juya ya zama abokin gaba. Wasu kuma su yi ta ɓarin wuta lokacin da yake saukowa, su harbe jirgin nasu, rai ɗaya ya tafi a banza. Abin yi shi ne ka ba ogan harbi ɗaya tun yana sama ya zama shuɗi, ka jira ya sauko, ka ƙarasa shi da ɗaya, sai jirgin da ya kama ya dawo ya haɗe da naka su zama tagwaye.

Gwanin Maki: Haka ne, Yaya, amma tagwaye ba kullum yake riba ba. Faɗinka ya ninka, ratar da jirgi ɗaya zai bi ya tsira ta rufe maka. Amfaninsa na gaske yana zagayen garaɓasa, wato mataki na 3, na 7, na 11, haka bayan kowane huɗu. A nan ba sa harbi. Ka kashe 39 maki 3,900 ne, ka cika 40 a ba ka 10,000. Don haka a yi kamun a mataki na 1 ko na 2, lokacin da suke da sanyi. Kuma kada tagwaye ya sa ka share ogogi a sahu a kan maki 150, alhali wanda ya sauko da 'yan rakiya biyu 1,600 ne. A guji lungun allo, nan ake rutsa mutum.

Hajiyar Gem: Gaplus na 1984, wanda aka sayar a Amurka da sunan Galaga 3, juya abin ya yi: kai ne mai kamun. Ka harbo sarauniya tana ɗauke da kan bindiga, ka samu haske ka janyo maƙiya su jeru a gefenka suna harbi tare da kai. Jirgin kuma yana hawa sama yana sauka. Wanda ya zo da hannun Galaga sai ya maƙale a layin ƙasa, a nan yake mutuwa, domin saurin wasan ya fi ƙarfin kaucewa hagu da dama kawai. Garaɓasarsa ma daban ce, cilla maƙiyan ake ta yi sama da harbi kada su faɗo.

Ɗan Birni: Hajiya ta faɗi gaskiya. Galaga '88 kuwa, duk da sunansa a ƙarshen 1987 ya fito. Tun farko yana tambayarka jirgi ɗaya ko tagwaye, tagwayen daga ajiyarka ake cirewa. Ka bari a kama tagwayen ka ƙwato su, ka samu jirgi mai uku a haɗe. Sannan akwai shuɗayen kwanso, ka tara biyu kafin garaɓasa a haye da kai wata duniya mai ƙarin maki da ƙarin wuya. Sabon shiga ya bar su tukuna.

Gwanin Maki: Ƙari kan Galaga na 1981. A na'urar asali ta gidan wasa, ka bar ƙudan zuma biyu na layin ƙarshe na hagu a mataki na 1, ka yi ta kauce musu ba harbi, kamar minti 15, har su daina harbi. Kashe su, maƙiya ba za su sake harbi ba har ƙarshen wasa. Dalili: gurbin harsasan maƙiya takwas ne, wanda aka harba daga can bakin allo ba ya sakin gurbinsa, har su cike. Amma karo yana nan, zai kashe ka. Na Famicom, na'urar wasan gida ta Nintendo, na 1985, irin wanda ke cikin kaset mai wasanni da yawa, an sake rubuta shi ne, kada a ɓata lokaci wajen gwada wannan dabarar a kansa.