Jami'a, ofis ko Saudiyya? Don Allah a ba ni shawara

Likitan Mabera: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ku yi haƙuri da tsawon bayani. Ni likitan ƙwaƙwalwa ne, bana Allah ya ba ni sa'ar jarrabawar ƙarshe ta Kwalejin Ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci da ke Ijanikin a Legas. Tun farko mahaifina tiyata ya so mini. Ranar da na gaya masa fannin da na zaɓa ya daɗe bai ce komai ba, can sai ya ce, "Wato duk karatun nan a asibitin mahaukata na Kware za ka ƙare?" Har yau gwaggonnina likitan mahaukata suke ce mini, ko da yake in ɗan wata ya fara surutai da dare ni ake bugo wa a ɓoye. Kundina a kan shan tiramol ne tsakanin 'yan kabu-kabu. Da kaina na mayar da tambayoyin Hausa, na riƙa bin su inda suke tsayawa, daga Shagon Goro har Dandima a cikin Sakkwato, wani sai na zuba masa mai kafin ya yarda ya kashe mashin ya saurare ni. Takardun suna cikin kwalin taliya a ƙarƙashin gado, maƙala ko ɗaya ban fitar ba. Yanzu wani babba ya ce in nemi koyarwa a jami'a. Shugabanmu a wurin aiki yana so in riƙe ofishin horar da ƙananan likitoci. Uwargida ta ce Saudiyya. Barci ya ƙaurace mini.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Ɗana, mi kake shawara a kai? Tahi jami'a. Lambo, babban likitan ƙwaƙwalwan nan na Najeriya da kuke karantawa, a 1954 yaf fara ajiye marasa lafiya a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya, kuma duk abin da yag gani sai ya rubuta. Rubutun nan shi yak kai shi shugabancin Jami'ar Ibadan, daga nan mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Kujera ita tab bi shi. Wanga ofis da anka yi maka tayi, rabon kwanan aiki ne da sasanta rigima da zaman mitin. Ko shugaban asibiti wa'adinsa shekara 4 ne, in an sabunta 8, farfesa ko sai ya kai 70. Ka hiddo kwalin nan tun gara ba ta riga ka ba.

Maman Biyu: Baba, Allah ya ƙara girma, amma zamaninku daban ne. Ni ina ciki. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 daga Fabrairu har Oktoba aka yi, sarƙata na sayar na biya kuɗin makarantar yara. Ga kuma rigimar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: ka gama shekarun ƙwarewa, ka rubuta kundi, sannan a ce in kana son manyan muƙamai sai ka kawo digirin digirgir. Mujallun waje da yawa da dala ake biyan su. Maƙalata ta ƙarshe ni na tattara bayanai, ni na rubuta, da ta fito sunana ne na huɗu, na farkon ko asibitin bai taka ba. Na bar shi da Allah.

Likitan Mabera: Anti, ai ni ba don kuɗi na shiga fannin nan ba. Kuma ba sakaci ya hana ni rubutu ba, shekarar nan kusan ni kaɗai nake kwanan aiki a sashenmu.

Ɗan Arkilla: Likita, kafin a yi nisa. Ofishin nan da takarda aka ba ka ko da baki? Jami'ar ta tallata gurbi, ko dai babban ne ya ce ka nema? Kuma an riga an ɗauke ka konsultan?

Nas Mai Ritaya: Ranka ya daɗe Malam, kada a raina ofis. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Wa zai aiwatar da ita in kowane mai kai ya gudu aji? Har yanzu ana kawo mutum da sawun mari a ƙafa, fata ta zazzago, bayan an gama yawo da shi gidajen masu ruƙiyya. Wanda ke riƙe da kasafi shi ke yanke ko za a sayi magani ko za a yi fenti. Mu da muka kwana da marasa lafiya shekara da shekaru, masu bincike su zo mu cika musu fom, ko godiya babu a ƙarshen takarda.

Tsohon Malami: Hajiya, dokar ma da hujjar masu bincike anka kare ta. Binciken 2018 da yac ce mutum miliyan 14.3 na shan ƙwaya a Najeriya, wa yay yi shi, mai sa hannu a fayil? Kuma ke ɗiyata, TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, na da asusun bincike na ƙasa, gasa ce, mai maƙala da tawaga shi ka samu. Shi ya sa nac ce ya fara rubutu yau. Taura biyu ba ta taunuwa.

Na Jidda: Abokina, Madam ta fi ku gaskiya duka. Zo ka yi 'yan shekaru, ka gina gida, ka kai Baba Umra, in ka koma ka yi binciken da kuɗinka.

Tsohon Malami: Waɗanda sunka ce 'yan shekaru, nawa sunka dawo?

Likitan Mabera: Na gode duka. Amma Baba, ba a fahimce ni ba. Shugaban nan shi ya tsaya mini lokacin da na faɗi jarrabawar farko, ba zan iya kallon idonsa in ce a'a ba. Ina ganin zan iya riƙe ofishin da safe, in yi rubutu da dare, jami'ar kuma in nema daga baya. Saudiyya ma ban rufe ƙofa ba.

Maman Biyu: Da dare? Da wace wutar, kuma a wane zafin? Bari Afrilu ta zo.

Ɗan Arkilla: Likita, har yanzu ba ka amsa ni ba. Akwai takarda ko babu?

Nas Mai Ritaya: Na Jidda, can suna ɗaukar nas da ta haura 60? Ba don ni nake tambaya ba.